Haƙoran teku a bayan garin Wurno

Gardama ce ta kai ni Wurno. Muna zaune a wajen ɗaurin auren wani abokinmu a Zariya, ana jiran liman, sai hira ta gangaro kan zafin Sakkwato. Wani ya ce garin da ko inuwa gumi take yi. Sai abokina, wanda muka yi sakandare tare kafin shi ya wuce ya karanci ilimin duwatsu, ya ce, "To garin nan da kuke faɗa, a ƙarƙashin teku yake a zamanin dā, har da kifin shak, mafaraucin kifin tekun nan mai kaifin haƙora." Na fi kowa ƙyalƙyala dariya. Na ce masa, mutumina, boko ya fara taɓa ka ke nan. Daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas ya fi kilomita 700, ta ina ruwan ya biyo? Bai ja maganar ba. Ya ce in na isa in same shi bayan damina, in taho da takalmin da ba na tausayinsa.

Na isa kuwa. A ƙarshen Oktoba na kama hanya ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, lokacin hanyoyin yankin ba su ɓaci da ɓarayin daji kamar yadda suka ɓaci daga baya ba. Na kwana a Sakkwato, da asuba muka ɗauki hanyar Acida a tsohuwar motarsa. A bayan motar akwai guduma, da rariya guda biyu irin ta tankaɗen gari, da tsofaffin jaridu, da gwangwanayen madara da aka wanke. Na tambaye shi ko tuwo za mu je tuƙawa.

Dalilin zaɓen bayan damina, in ji shi, ruwan sama ne ke yi mana rabin aikin. Kowace shekara yana zaizaye gefen tudu, ya wanke laka, ya bar abin da ya fi ta nauyi a fili. In ka zo da wuri ciyawa ta rufe ko'ina, in ka makara dabbobi sun tattake.

A hanya ya yi mini bayanin ƙasar da muke takawa, kuma a nan ne na fara rage bakina. Ya ce ƙasar Sakkwato shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kamar tabarmi da aka jibge, ta ƙasa ita ce ta fi tsufa. Masana sun sa wa kowace shimfiɗa sunan garin da ta fi bayyana a cikinsa. Daga ƙasa akwai Taloka, sai Dukamaje, sai Wurno, sai Dange, sai Kalambaina, sai Gamba, sannan Gwandu a sama. Na ce ai wannan jerin sunayen da yaran mota ke kira ne a tasha. Ya ce to a littattafan ilimin ƙasa na duniya haka aka rubuta su. Farin dutsen da masana'antar siminti ta Kalambaina ke ci, a ƙasan teku ya taru, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Ke nan duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da ragowar teku ya yi gininsa.

Tekun kuwa daga arewa ya shigo, ya ratso inda Sahara take a yanzu, ta Aljeriya da Mali da Nijar, ya malalo har ƙasar Sakkwato. Ba mai zurfi ba ne sosai, ruwa ne mai ɗumi, ya zo ya janye ya sake dawowa, tsakanin kimanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsakanin shimfiɗar Wurno da ta Dange da ke kanta ne aka yi babbar mutuwar nan ta shekaru miliyan 66 da ta shafe dinoso, manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare, daga doron ƙasa. Wato in kana hawan tudun Wurno, a cikin ƴan takun ƙafa za ka tsallake daga wata duniya zuwa wata.

Ba a shiga Wurno a wuce hubbare. Muka fara ziyartar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da garin ribaɗinsa kuma a nan ya rasu a 1837, muka yi addu'a. Daga nan muka je muka gai da mai unguwa, don abokina ya ce ba ya taɓa hawa tudun mutane da guduma a hannu ba tare da an san da shi ba. Mai unguwa ya saurare mu, ya yi murmushin wanda ya saba ganin irin wannan hauka, ya haɗa mu da wani dattijo da ke da gona a gindin tudun. Yara kuma ba sai an haɗa ka da su ba, kafin mu kai bayan gari mun tara bakwai.

"Mi kuka biɗa can bisa?" in ji dattijon.

"Haƙoran kifi, Baba," in ji abokina.

Ya dube mu, ya dubi fadamar Rima da ke shimfiɗe a bayanmu, kore shar, inda kifin gaske yake, ya sake duban tudun da ko ɗigon ruwa babu. Bai ce komai ba, ya shige gaba.

Dole in faɗi gaskiya a kan abin da na zo da shi a kaina. Kafin tafiyar na leƙa intanet na ga hotunan haƙorin megalodon, wani ƙaton shak na zamanin dā, haƙorin da ke cika tafin hannun babban mutum, na ɗauka irinsa za mu riƙa tsinta kamar mangwaro. Abokina ya kashe mini wannan mafarkin tun a gindin tudu. Ya ce megalodon bai bayyana a duniya ba sai kimanin shekaru miliyan 23 da suka wuce, lokacin tekun Sakkwato ya daɗe da ƙafewa. Duk wanda ya ce maka ya tsinci haƙorinsa a Wurno, daga wani wuri ya sayo. Namu na nan, in ka sami mai tsawon gaɓar yatsa ka gode wa Allah, da yawansu ma ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Amfanin rariya ke nan.

Sa'a guda na yi ina yawo a tsaye ban ga komai ba sai tsakuwa da kashin awaki. Ƙasar wurin laka ce mai launin toka da ɗan rawaya, tana ɓarewa falle-falle kamar tsohon littafi da ruwa ya jiƙa, can sama kuma marmara ce ja ta yi wa tudun hula. Abokina ya hango ni ya ce, "Kai, ba a tsaye ake yi ba. Durƙusa. Ka juya wa rana gefe, ka nemi abin da ke ƙyalli." Na durƙusa. Nan take na ga ƙyalli, na ɗauko da ihu. Ya karɓa, ya karce shi da farce, ya yi zane. Jipsum ne, wani ma'adini mai kama da gilashi da ya cika lakar wurin, wanda ake sa wa a siminti. Haƙori ba ya karcuwa da farce. Na biyu da na ɗauko haƙori ne na gaske, fari, mai kauri, har na fara tunanin yadda zan ba da labari a Zariya. Wani yaro da bai fi shekara tara ba ya leƙo tafin hannuna ya ce, "Na akuya na." Sauran suka fashe da dariya, har da dattijon.

Na ukun ne ya zama shi. Yana kwance a cikin wata ƴar kwata da ruwa ya yanka, rabinsa a binne. Na tono shi da tsinken ciyawa, na tofa masa yawu na goge a gefen riga. Tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsana ƙarami ba. Samansa siriri ne, mai tsini, launin shayin da ba a sa wa madara ba, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ya ɗan lanƙwasa baya. Gefensa biyu har yanzu da kaifi, na gwada a fatar babban yatsana na ji. Ƙasansa kuwa ba ya sheƙi ko kaɗan, garas-garas ne, ya rabu biyu kamar gwafa. A gindin tsinin, dama da hagu, akwai wasu ƴan mitsi-mitsin tsinaye biyu, sai ka kawo shi kusa da ido za ka gan su. Ban yi ihu ba wannan karon. Na zauna a ƙasa ina juya shi.

Abokina ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce to yanzu karatu ya fara. Abin da ya koya mini a wurin, wanda har yau ban manta ba, shi ne kada in fara duban tsini, in fara duban saiwa. Kowa tsini ke jan idonsa, amma saiwa ce ke faɗin gaskiya. Haƙorin shak ba a cikin ramin ƙashi yake dasawa kamar namu ba, a jikin dasashi yake manne, shi ya sa saiwarsa take da faɗi, sau da yawa mai reshe biyu, kuma akwai iyaka bayyananna tsakanin ɓangare mai sheƙi da marar sheƙi. Ya zaro wani daga aljihunsa da ya tsinta ɗazu, ya ajiye kusa da nawa. Shi wannan zagayayye ne kamar tsinin ƙahon ɗan akuya, da ƴan zane-zane a tsaye, in ka juya gindinsa sai ka ga rami. Na kada ne, in ji shi. Kadojin ruwan gishiri masu dogon baki sun yi yawa a tekun nan, kuma suna cikin waɗanda suka tsallake babbar mutuwar.

Na tambaye shi me ya sa haƙora kawai muke gani, ina sauran jikin kifin. Ya ce shak ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa, jikinsa guringuntsi ne, irin na kunnen mutum, kuma guringuntsi ruɓewa yake yi. Haƙorin ne ya fi taurin da zai jure. Ga shi kuma shak ba ya daina sake haƙori tun daga haihuwa har mutuwa, layi-layi suke a bakinsa, na gaba ya faɗi na baya ya matso. Kifi ɗaya kan zubar da dubbai a rayuwarsa. Saboda haka tsintar haƙora ɗari ba ta nufin shak ɗari sun mutu a wurin. Launin ma ba shekaru yake nunawa ba, ma'adinan ƙasar da haƙorin ya kwanta a ciki ne suka rina shi, shi ya sa na wani wuri baƙi, na wani wuri ja ko ruwan zuma.

Sai na yi tambayar da kowane baƙo ke yi: to wannan nawa, mene ne sunansa? Ya ƙi faɗa. Ya ce siffarsa ta dangin shak masu siraran haƙoran cafke kifi ce, iyakar abin da zai ce ke nan. Na ce kai da ka yi shekaru kana karatun abin? Ya ce saboda ya yi shekarun ne ma. A bakin shak ɗaya, haƙorin gaba daban da na gefe, na sama daban da na ƙasa, na ƙarami daban da na babba. Masanan farko sun sha raɗa wa haƙoran kifi guda sunaye uku ko huɗu suna zaton jinsi daban-daban ne, na baya suka zo suna ta warware ƙullin. Sai ka tara da yawa, ka jera, ka gwada da waɗanda aka riga aka tantance, sannan ka buɗe baki. A lokacin na ɗauka rowar ilimi ce. Daga baya da na ga yadda mutane ke ɗora hoton guntun haƙori a Facebook, cikin minti biyar mutum goma sun ba shi suna goma kowa da tabbacinsa, na gane wanda ya fi su sani shi ne wanda ya yi shiru.

Da hantsi ya ɗaga muka koma ga rariya. Ana ɗebo lakar da ta riga ta ruguje, a tankaɗe a hankali, a zube abin da ya rage a kan jarida, a bi shi da tsinke. Aiki ne na masu tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma yaran sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. A nan abubuwan da ba su yi kama da haƙori ba suka fara fitowa. Wani ɗan guntu mai kama da sandar alli da aka daddanne, samansa sumul, ƙasansa kuma tsaga-tsaga a jere kamar matajin kai. Na ce wannan kam ɓallen roba ne. Ashe haƙorin kifi ne mai faɗi kamar faifai, ɗan'uwan kunamar ruwa da masunta ke kamawa a kogin Binuwai. Shi ba ya yanka, niƙa yake yi. Haƙoransa jeruwa suke yi su zama daɓe a sama da ƙasan baki, ya riƙa murƙushe katantanwa da ƙaguwa a tsakani. Sai wasu ƴan ƙwalaye masu sheƙi, wasu kamar wake wasu kamar maɓallin riga, na wani kifi mai ƙashi da shi ma murƙushe ɓawo yake yi, wanda jinsinsa ya ƙare gaba ɗaya. Sai gaɓar ƙashin baya, zagayayya kamar murfin kwalba, da loko gaba da baya. Sai wani dunƙule mai murɗe-murɗe da wata yarinya ta miƙo, abokina ya karɓa da murna fiye da yadda ya karɓi haƙorina. Kashin kifi ne da ya zama dutse. Yarinyar ta goge hannunta a zane, ta koma gefe tana harararsa.

Dattijon duk wannan lokaci yana zaune a kan wani dutse yana kallonmu, bai taɓa komai ba. Sai da wani tsinke mai launin ƙasa ya fito, tsawonsa kamar ashana, gefe ɗaya da ƴan haƙora kamar zarto, gindinsa da ɗan ƙulli. Ina ta juya shi ina cewa ko ƙaramin haƙori ne da ya karye. Ya miƙo hannu. Ya kai shi kusa da ido, ya shafa zarton da yatsa, sau ɗaya.

"Wagga ai ƙayar kurungu ta," in ji shi. "Ga inda taka kamawa ga jiki nan. Shekara nawa ina su cikin Rima, ta sha sukata."

Abokina ya ajiye rariya. Ya ce, "Baba, wallahi kun faɗa daidai. Ba kurungun yau ba ne, amma danginsu ɗaya." Sannan ya juyo gare ni ya ce a 1934 wani masanin burbushin kifaye a gidan tarihin halittu na Landan, Errol White, ya bayyana kifayen da ma'aikatan binciken ƙasa na zamanin Turawa suka kwaso daga lardin Sakkwato. A cikinsu akwai mai ƙaya irin wannan da ya sa wa suna Nigerium wurnoense, wato na Wurno, da wani Nigerium gadense, na Gada. Mai daɓen haƙoran nan ma akwai wanda ya kira Myliobatis wurnoensis, akwai kuma wani shak mai ƙananan haƙora masu yatsu da yawa da ya kira Ginglymostoma sokotoense. Goronyo ma ba a bar ta a baya ba. Wani ƙaton ƙadangaren teku da aka fara bayyanawa a 1930, masana daga Italiya suka sake samo ƙasusuwansa suka raɗa masa Goronyosaurus a 1972. Shi a shimfiɗar Dukamaje yake, kafin babbar mutuwar.

Na maimaita wa dattijon da Hausa cewa akwai kifin da sunan garinsu ke jikinsa a Ingila tun kafin a haife shi. Ya ce, "To su mi ya hana su hwaɗa muna?" Babu wanda ya ba shi amsa. Ni dai abin ya tsaya mini, don a cikin yaran nan bakwai, biyar suna zuwa makaranta, na tambaye su ko an taɓa gaya musu tudun bayan garinsu gindin teku ne, suka dube ni kamar yadda na dubi abokina a Zariya. Ɗaya ya ce kakarsa ta ce akaifar aljannu ce, kada su kai gida. Ban yi masa dariya ba. Turawa ma ɗaruruwan shekaru suna tsintar haƙoran shak a tsibirin Malta suna cewa harsunan macizai ne da suka zama dutse, har suna rataya su don maganin dafi, sai a 1666 wani likita ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya feɗe kan wani shak da masunta suka kama a gaɓar Italiya, ya nuna abu ɗaya ne.

Can dattijon ya yi tambayar da na san tana zuwa. "Malam, ko ruwan Ɗufana na, na Annabi Nuhu?" Abokina ya ɗan yi jim. Ya ce, "Baba, Allah ne masani. Amma abin da awonmu ya nuna, wannan ruwan ya zo ya tafi tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa." Dattijon ya gyaɗa kai a hankali ya ce ikon Allah ya wuce nan, ya miƙa mini ƙayar.

Azahar ta kore mu daga tudun. Muka yi salla a gari, muka sha fura da nono mai sanyin randa, na sayi tafarnuwa, don wanda ya je Wurno ya dawo babu ita sai ya yi bayani a gida. Abokina ya naɗe kowane abu a takarda daban, ya rubuta ranar da wurin da shimfiɗar da aka same shi, ya ce burbushin da ba a san inda ya fito ba tsakuwa ce kawai mai kyau. Nasa ya tafi da su wurin aikinsa. Ni ya bar mini uku: haƙorina, da guntun daɓen nan mai mataji, da ƙwallo ɗaya mai kama da wake. Ya ce in naɗe su. Na ce to, na zuba su a aljihun wando tare da makullai.

Kafin mu kai Acida daɓen ya zama gari. Abin da ya kwana shekaru sama da miliyan 50 a cikin laka lafiya lau, bai yi minti arba'in a hannuna ba. Abokina bai ce uffan ba, ya miƙo mini gwangwanin man zafi da babu komai a ciki da ɗan auduga, na sa sauran biyun.

Washegari a hanyar komawa, a wani shinge bayan Talatar Mafara, jami'in da ke duba kaya ya ci karo da gwangwanin a jakata. Ya buɗe, ya ɗaga audugar, ya ga haƙori mai tsini da baƙin ƙwallo. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wannan kuma na mene ne? Na tsari ne ko na kasuwa?"

Na ce haƙorin kifin teku ne, ranka ya daɗe.

"Daga Legas kake?"

Na ce daga Wurno.

Ya rufe gwangwanin a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce wa direba mu wuce.